Dalilin da ya sa gwanin keke kan galabaita a doguwar tafiyar ƙafa

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kekuna da dama da suka daɗe jingine a zaure sun dawo kan titi. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa sun koma wa feda domin rage kuɗin mota, wasu kuma likita ne ya umarce su da motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, suka ga keke ya fi musu sauƙi.

Bayan 'yan watanni, irin waɗannan mutane kan ji jikinsu ya sake. Haki ya ragu, tumbi ya sauka, cinya ta yi ƙwari. Daga nan sai mutum ya ɗauka ya gama da maganar ƙarfin ƙafa. Ranar da ta kama ya yi tafiyar kilomita 15 a ƙasa, ko ya hau dutse ya sauko, sai labari ya sha bamban: numfashi lafiya lau, amma tafin sawu yana zugi, sharaɓa ta ɗaure, ƙwauri yana ciwo, washegari kuma saukowa daga bene ta zama jan aiki.

Lamarin ya wuce tsamin jiki na kwana biyu. Maniyyacin da ya dogara da keke wajen shirin aikin Hajji, da matashin da ke shirin shiga horon soja, da dattijon da yake so ƙafafunsa su ci gaba da kai shi masallaci da kasuwa, kowannensu yana da buƙatar sanin abin da keke ke ƙara wa jikinsa da kuma abin da yake bari a baya.

Zuciya ba ta tambayar abin hawa

Babbar ribar hawan keke tana zuwa ne ta zuciya da jini. Zuciyar baligi tana harba jini kimanin lita 5 a minti ɗaya idan yana hutawa. Idan aka matsa mata da aiki a kai a kai, takan ƙara girma da ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, har yawan bugun ya ragu a lokacin hutu. Bugun zuciyar yawancin mutane yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti, amma an ruwaito cewa na Miguel Indurain, ɗan Sifaniyan da ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France sau 5 a jere daga 1991 zuwa 1995, yakan sauka har 28.

Wannan zuciyar da keke ya horar ita ce dai za ta yi wa mutum aiki idan ya sauka ya kama tafiya. Haka ma ƙarin jinin da jiki ya samu, da saukin nauyi idan ƙiba ta ragu. Duk waɗannan suna bin mutum duk inda ya sa ƙafa.

Ana iya ganin haka a lissafi. Masana suna auna juriyar mutum da iyakar iskar oksijin da jikinsa zai iya amfani da ita a minti ɗaya. Tafiyar kilomita 5 a awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya tana cin kimanin mililita 12 na oksijin a minti ga kowane kilo na nauyin jiki. Matashin da ba ya motsa jiki, wanda iyakarsa ba ta wuce mililita 36 ba, yana kashe kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa a wannan tafiya. Wanda ya horu da keke har iyakarsa ta kai 60, kashi ɗaya cikin biyar kawai yake taɓawa. Shi ya sa gwanin keke ba ya haki a tafiyar ƙafa, yana iya tafe yana hira alhali abokan tafiya sun yi shiru.

Sai dai wannan ribar tana tafe da tarko. Ga wanda bai saba motsa jiki ba, haki ne ke tsayar da shi tun kafin ƙafa ta jigata. Mai keke kuwa ba shi da wannan birkin. Zuciyarsa za ta kai shi nisan da tafin sawunsa da agararsa da ƙashin ƙwaurinsa ba su taɓa gani ba, kuma ba zai ji gargaɗi ba sai ɓarna ta riga ta auku.

Jiki yana ƙwarewa a kan abin da aka saba masa

Akwai wata ƙa'ida da masu ilimin motsa jiki suka daɗe da tabbatarwa, cewa jiki yana gyara kansa ne daidai da irin aikin da ake ba shi. Tsokar da aka yi aiki da ita ce ke ƙara ƙananan hanyoyin jini da sinadaran ƙona abinci, kuma tana ƙwarewa ne a irin lanƙwasar da aka saba mata da irin saurin da aka saba mata.

Gwaje-gwaje sun nuna hakan ƙarara. Idan aka auna mutumin da bai horu ba a kan keke, aka sake auna shi a na'urar gudu a wuri ɗaya, sakamakonsa na keke yakan yi ƙasa da na gudu da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, domin cinyoyinsa kan gaji kafin zuciya ta kai iyakarta. Ƙwararren ɗan tseren keke kuwa yakan yi kunnen doki a gwajin biyu, wani lokaci ma ya fi a kan keke. Ke nan wani kaso na ƙarfin da ya tara a kan sirdi yake zaune.

Labarin Lance Armstrong ya shahara a wannan fage. Ba'amurken ya zo na ɗaya a Tour de France sau 7, gasar da ake shafe mako 3 ana tseren kimanin kilomita 3,500, kafin a ƙwace kambunan a 2012 saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. A watan Nuwamban 2006, shekara guda bayan ya ajiye tseren keke, ya shiga gudun fanfalaki na birnin New York mai nisan kilomita 42. Ya kammala cikin awa 2 da minti 59 da daƙiƙa 36, ya kuma shaida wa manema labarai cewa bai taɓa yin aikin ƙarfi da ya wahalar da shi kamar wannan ba. Daga baya aka gano ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Gudu ya fi tafiya dukan ƙafa nesa ba kusa ba, amma darasin ɗaya ne: zuciyar da ta haye duwatsun Faransa ba ta hana ƙashi tsagewa a kan kwalta ba.

Masu gasar nan da ake haɗa ninƙaya da keke da gudu sun san wannan matsala tun tuni. A babbar gasarsu ta Ironman, wadda aka fara a Hawaii a 1978, ana ninƙayar kilomita 3.8, a tuƙa keke kilomita 180, sannan a yi gudun kilomita 42. Saboda nauyin da ƙafa ke yi idan aka sauka daga keke, sukan ware atisaye na musamman inda ake dira daga sirdi a kama gudu nan take, domin ƙafa ta saba da sauyin.

Ƙafa ɗaya, aiki biyu

A kan keke, sirdi da feda da kan keken ne ke raba nauyin mutum a tsakaninsu. Ƙafa tana zagaye ne a da'ira ɗaya da ƙarfe ya shata mata, ba ta kauce dama ko hagu. Wanda ke juya feda sau 90 a minti yana maimaita motsi iri ɗaya sau 5,400 a awa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin a shekarun 1980 ya nuna cewa tsokokin gaban cinya masu miƙe gwiwa su ke yin kusan kashi 39 cikin 100 na aikin tuƙin, tsokokin mazaunai da bayan cinya masu miƙe ƙugu suna yin kashi 27, sharaɓa kuma kashi 20.

Tafiya a ƙasa wani tsari ne dabam. A yawancin lokacin da mutum ke tafe, kusan kashi 80 cikin 100, a kan ƙafa ɗaya yake tsaye, ɗayar tana sama. Abin da ke hana ƙugu karkacewa a wannan lokaci wata tsoka ce da ke gefen kwatangwalo, wadda aikinta kaɗan ne a kan keke tunda sirdi ya riƙe ƙugun. Idan ta gaji a doguwar tafiya, sai mutum ya fara rangaji, ciwo ya sauka a gwiwa ko a gadon baya.

Tura jiki gaba kuma galibi aikin sharaɓa ne da agara. A kowane taku agara tana miƙewa kamar roba ta adana ƙarfi, sannan ta sake shi lokacin da diddige ya bar ƙasa. A gaban ƙwauri akwai wata siririyar tsoka da ke sauke tafin ƙafa a hankali bayan diddige ya dira, don kada ya faɗi tim. A tafiyar kilomita 10 mutum yana yin taku kimanin 13,000, kuma a kowane ɗaya sai waɗannan tsokoki sun yi aikinsu. Wanda bai saba ba, a nan yake fara jin wuta a ƙwauri.

Akwai kuma maganar miƙewa. Mai keke a sunkuye yake, ƙugunsa ba ya taɓa miƙewa sosai, cinyarsa ba ta wucewa bayan gangar jiki. Cikakken taku kuwa yana buƙatar cinya ta koma baya. Wanda ya haɗa doguwar zama a ofis ko shago da doguwar zama a sirdi yakan ji gaban ƙugunsa a ɗaure, takunsa ya gajarta, ƙasan bayansa ya riƙa biyan bashin.

Hawa da sauƙi, gangara da wuya

Wanda ya saba da keke, idan ya je hawan Dutsen Dala a Kano ko Kufena a Zariya, zai iya barin abokansa a baya. Hawan tudu ya yi kama da taka feda: gwiwa a lanƙwashe, cinya da mazaunai suna tura jiki sama, zuciya tana aiki tuƙuru. A nan ƙarfin keke yake fitowa kusan gaba ɗaya.

Wahalar tana wajen saukowa. Tsoka tana aiki ta hanya biyu. Wani lokaci takan tsuke ta ja ƙashi, kamar mai jawo guga daga rijiya. Wani lokaci kuma takan riƙe nauyi tana saki a hankali, kamar mai zura cikakken guga ƙasa ba tare da ya bari igiya ta kufce ba. Tuƙa keke kusan dukkansa jan guga ne. A gangara ma mai keke hutawa yake, birkin ƙarfe ke yi masa aiki. Mai saukowa daga dutse da ƙafa kuwa, cinyarsa ce birkin.

A 1952 wasu masana uku a Landan, Abbott da Bigland da Ritchie, suka haɗa kekuna biyu baya da baya da sarƙa ɗaya. Mutum ɗaya yana tuƙawa gaba, ɗayan yana tare fedar tana tura ƙafarsa baya. Ƙarfin da suke sa wa sarƙar ɗaya ne, amma mai tarewa oksijin kaɗan ya ci idan aka kwatanta da mai tuƙawa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa gangara ba ta sa haki. Sai dai irin wannan aiki na tarewa shi ya fi yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka, musamman tsokar da ba ta saba ba.

Raunukan su ke jawo tsamin jikin da ke tasowa bayan kwana ɗaya, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya lafa. Abin daɗin shi ne tsoka tana da saurin koyo. Gangara ɗaya mai matsakaicin tsawo tana ba da kariya ta makonni, ta yadda idan aka maimaita, tsamin ba ya kai na farko.

Ƙashi yana son nauyi

A 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe, Julius Wolff, ya wallafa bayanin cewa ƙashi yana gina kansa daidai da nauyin da ake ɗora masa. Inda ake dukansa da taku da tsalle yakan yi kauri, inda aka sauke masa kaya yakan saki.

'Yan sama jannati su ne babbar shaida. Hukumar NASA ta Amurka ta bayyana cewa a sararin samaniya, inda jiki ba shi da nauyi, ƙasusuwan da ke ɗaukar mutum suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙwarinsu a kowane wata. A Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa akwai keken motsa jiki saboda zuciya, amma ba a tsaya a kansa ba. An haɗa da na'urar gudu wadda ake ɗaure mutum da majanyi a jawo shi ƙasa, da wata na'urar da ke kwaikwayon ɗaga ƙarfe, domin ƙashi ya samu abin da keke ba ya ba shi.

A doron ƙasa ma an ga alamar haka. Wani bincike da Jami'ar Missouri ta Amurka ta wallafa a 2008 ya gwada maza 27 masu tseren keke da maza 16 masu gudu. Kashi 63 cikin 100 na masu keken an same su da raguwar ƙwarin ƙashi a baya ko ƙugu, a masu gudu kuwa kashi 19 ne. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma wasu binciken a kan 'yan tseren keke na kan kwalta sun nuna irin wannan hoto.

Ya kamata a fahimci su wa ake nufi. Matsalar ta fi shafar wanda ya mayar da keke kaɗai motsa jikinsa, yana shafe awanni masu yawa a sirdi kowane mako shekara da shekaru, musamman idan yana tauye cin abinci don kada ya yi nauyi. Manomin da ke hawa keke zuwa gona, ya sauka ya yi noma, ya ɗora buhu a ka, ƙashinsa yana samun nauyin da yake buƙata ta wata hanya. An kuma lura cewa masu tuƙi a hanyoyin duwatsu da gargada, waɗanda ke yawan miƙewa a kan feda suna shan jijjiga, ƙashinsu ya fi na masu bin kwalta ƙwari.

Wani abin lura shi ne sassan jiki ba sa horuwa da sauri ɗaya. Jini da zuciya kan nuna canji cikin makonni, jijiyoyi irin su agara sai an yi watanni, ƙashi ma haka. Idan aka ɗora wa ƙashi taku dubbai kwatsam kafin ya shirya, yakan yi siririyar tsaga. Wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ne ya fara bayyana wannan ciwo a 1855, bayan ya ga kumburin ƙafa a sojojin da suka sha doguwar tafiya. Har yau ciwon yana damun sababbin kurata a ƙasashe da dama, kuma matashin da ke shirin shiga horo irin na Depot da ke Zariya ya kamata ya san cewa juriyar keke ba ta kare shi daga gare shi.

Tafin sawu, fata da zafin rana

A kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, da ƙananan tsokoki masu riƙe bakan tafin sawu. A kan feda, musamman da takalmi mai taurin ƙasa, waɗannan ba su da wani aikin kirki. A tafiya kuwa su ke karɓar nauyin jiki duka, su daidaita shi a kan yashi da tsakuwa da kwalta.

Fata ma tana da nata horon. Mai yawan tafiya fatar tafinsa takan yi kanta a wuraren da takalmi ke guga. Mai keke kantarsa a tafin hannu take. Bororo guda a diddige ya isa ya hana ƙaƙƙarfan mutum tafiya, ko ya sa shi ɗingishi har ciwo ya koma gwiwa. Ga mai ciwon suga abin ya fi haɗari, domin ƙafarsa ba lallai ta ji zafin ba, kuma ƙaramin rauni yana iya zama gyambo.

Sai kuma zafi. Mai tafiya kilomita 20 a awa a kan keke iska tana kaɗa shi, gumi yana bushewa yana sanyaya jiki. Mai tafiya a ƙasa ba shi da wannan fankar, kuma nisan da keke zai ci cikin rabin awa shi sai ya yi awa 2 a rana. A aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum sama da 1,300 a lokacin tsananin zafi, suka ce mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da mafaka ba. Ko ga alhajin da ke da masauki da mota, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa da dawowa, ga doguwar tsayuwa cikin cunkoso.

Ƙwaƙwalwa ma ta raba su

A 2010 wasu likitoci biyu a birnin Nijmegen na ƙasar Holan, Anke Snijders da Bastiaan Bloem, suka wallafa labarin wani mutum mai shekara 58 da ya shafe shekara 10 da cutar karkarwa ta Parkinson. Idan ya tashi tafiya sai ƙafafunsa su kafe, ya yi 'yan taku ya faɗi. Da aka ɗora shi a kan keke sai ya tuƙa sumul, ya yi kwana, ya dawo ya tsaya. Yana sauka ƙafafun suka sake kafewa.

Wannan ya nuna cewa umarnin da ƙwaƙwalwa ke bayarwa na tuƙi dabam yake da na tafiya. Daidaita jiki a kan keke aikin hannu ne da gudun taya, daidaita shi a ƙasa kuwa aikin idon sawu ne da yatsu da ƙugu. Dattijon da ke son kauce wa faɗuwa a banɗaki ko a bakin ƙofa sai ya horar da na biyun da kansa.

Inda keke ya yi zarra

Duk wannan bai rage wa keke daraja ba. Wani lissafi da mujallar Scientific American ta buga a 1973 ya nuna cewa mai keke yana kashe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da mai tafiya ke kashewa a nisa ɗaya. Ga mai zuwa aiki kullum, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ta fuskar lafiya kuma, binciken Jami'ar Glasgow da aka wallafa a 2017, wanda ya bi mutum sama da 260,000 a Birtaniya, ya gano cewa masu zuwa aiki a kan keke haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya yi ƙasa da na masu shiga mota da kashi 41 cikin 100, haɗarin kamuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 46. Masu zuwa a ƙafa haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da kashi 27. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, amma ya dace da abin da aka sani, cewa keke ya fi tafiya matsa wa zuciya.

Rashin ɗaukar nauyin da ke rage wa ƙashi amfani shi ne kuma rahamar keke ga mai ciwon gwiwa. An auna da na'urar da aka dasa a cikin gwiwar roba, aka ga tafiya tana ɗora wa gwiwa nauyin jiki ninki 2 zuwa 3, keken motsa jiki kuwa kusan ninki ɗaya ko sama da haka kaɗan. Shi ya sa likitocin gashin ƙashi ke yawan fara wa mai amosanin gwiwa ko wanda aka yi wa aiki da keke, ya ƙarfafa cinya tukuna. Ga mai ƙiba sosai ko wanda ya daɗe a kwance, keke yakan zama gadar da za ta mayar da shi ga tafiya.

Yadda za a haɗa biyun

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi ya yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Ga masu shekara 65 zuwa sama ta ƙara da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako. Keke yana iya cike kason farko, sauran kuwa sai an sauka.

Wanda ke da doguwar tafiya a gabansa ya fara shiri da wata 2 zuwa 3, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ci gaba da kekensa, ya ƙara tafiyar minti 20 zuwa 30 sau 3 a mako, ya ware rana ɗaya yana tsawaita ta kaɗan-kaɗan har ta kusa nisan da ke jiransa. Ma'aunin ƙari shi ne yadda ƙafa ta kwana. Numfashi ba abin dogaro ba ne ga mai keke, tunda zai ce a ci gaba ko da ƙafa ta isa iyakarta.

Ya sa gangara a cikin shirin tun da wuri, ko da saukowa daga bene ne a hankali, ya fara da kaɗan. Ya riƙa yin ɗage yana sauke diddige sannu a hankali domin sharaɓa da agara, ya riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango domin gefen ƙugu, ya riƙa tsuguno da miƙewa. Matashi mai lafiyar gaɓoɓi yana iya ƙarawa da tsallen igiya ko ɗaga ƙarfe, domin waɗannan sun fi tafiya zalla gina ƙashi.

Takalmin da za a yi tafiyar da shi, da shi za a yi atisaye, haka ma jakar da za a goya. Sabon takalmi ranar tafiya gayyatar bororo ne. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare. A lokacin zafi a fara da sanyin safiya ko yamma, a riƙa shan ruwa, sannan a saba wa jiki da rana a hankali.

Tsamin da ya bazu a tsoka ya kuma lafa cikin 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda ke zafi idan an danna da yatsa kuma yana ƙaruwa da tafiya, alama ce ta a dakata a ga likita. Ciwon ƙirji ko jiri ko numfashin da ya sarƙe ba gaira ba dalili kuwa, asibiti ake nufa nan take. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga ya fara jin ta bakin likitansa kafin ya ƙara nauyin atisaye.

Ga ma'aikacin da ba shi da lokacin ware wa atisaye, akwai hanya mai sauƙi. Ya bar keken a gida kwana ɗaya ko biyu a mako idan wurin aiki bai yi nisa ba, ko ya riƙa zuwa masallaci da cefanen unguwa a ƙafa. Zuciyarsa ta riga ta samu abin da take so a kan sirdi, kuma waɗannan 'yan kilomitoci za su biya wa ƙafa nata haƙƙin.